Asteroids ɗina yana ƙara amma sikirin baƙi ƙirin, fiyus kuma sai ƙonewa yake

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu sanin tsofaffin monita ku agaza min, tura ta kai bango. Wata biyu kenan da na samu akwatin gem ɗin Asteroids na Atari, na asali wanda ya fito a 1979, irin wanda ake tsayawa a buga. Wanda na karɓa a hannunsa ya ce ya fi shekara goma a ajiye ba a kunna ba. Na share shi tas na kunna, gem ɗin kansa yana da rai domin in na taɓa 'yar wayar da kwabo ke dannawa maɓallan farawa suna ƙyaftawa, in na danna kuma sai in ji dum... dum... dum ɗin nan da ƙarar harbi, amma sikirin baƙi ƙirin ko ɗigo babu. Na leƙa ta baya wuyan kwalbar, wato gilashin da hoto ke fitowa a fuskarsa, yana ja alamar filamen na ci, sannan akwai wata 'yar fitila ja a kan bod ɗin monitar da take kunne ba ta mutuwa. An rubuta Electrohome G05-802 a jikin ƙarfen. Na ga ana cewa manyan transistocin nan huɗu da ke ɗaure a jikin firam su suka fi mutuwa, sai na sayo sababbi na canza duka, ina kunnawa fiyus ya yi fat. Na sa wani, shi ma ya tafi. Kafin na taɓa shi fiyus ba ya ƙonewa wlh. Yanzu ban san inda zan kama ba.

Ɗan Auta: Wa'alaikumus salam yaya. Ni dai a ganina me zai hana ka cire tsohuwar kwalbar nan ka saka falat sikirin ka huta? Ko ka nemi tsohuwar talabijin mai ƙeya ka jona, ai duk hoto ne

Anti Injiniya: Ɗan Auta ba zai yiwu ba ƙanina, ko ka jona babu abin da zai fito. Bari in maka bayani domin duk gyaran a nan ya rataya. Talabijin da ka sani, hasken da ke cikin kwalbar shara yake yi layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, sau dubu goma sha biyar da ɗoriya a daƙiƙa ɗaya yake ƙetare fuskar, ko akwai hoto ko babu haka zai ta yi, hoton kawai yana ce masa ƙara haske nan rage can. Wannan monitar kuwa ba ta shara sam. Bod ɗin gem ɗin ne yake riƙe da hasken kamar mutum ya riƙe alƙalami, ya ce je ka nan, ja layi zuwa can, ɗaga, koma wancan gefen ka zana dutse. Waya uku ce ke ɗauke da saƙon, X na hagu da dama, Y na sama da ƙasa, Z na ƙarfin haske. Shi ake kira bekta. To talabijin ba ta da inda za ta karɓi X da Y, yarensu ba ɗaya ba ne.

Baban Ummi, kafin komai: kar ka sake kunnawa, kuma kar ka sa fiyus da ya fi na asali girma. Fiyus ɗin nan shi ke tsare maka taransifoma.

Kawu Mai Rediyo: Na gode 'yata da kika fara da maganar kar ya kunna. Ni ban taɓa gyara irin wannan gem ba amma na fi shekara talatin ina buɗe bayan talabijin mai kwalba, abin da zan ce maka Baban Ummi shi ne kwalbar nan tana riƙe wuta ko an zare filogi, sama da bolt dubu goma ke zuwa wurin robar nan da ke manne a jikinta. Ka cire agogo da zobe, hannu ɗaya a aljihu in kana awo wuta na kunne, kuma kar ka yi aiki kai kaɗai a ɗaki. Wuyan kwalbar kuma ka lallaɓa shi, sau da yawa ba wutar ce ke yi wa mutum illa ba, firgitar ce, ka fizge hannu ka doki wuyan ya tsage shikenan an gama.

Sarkin Dalma: Malam kar ka wahalar da kanka da dogon bincike. Abin da ya shekara arba'in da wani abu duk kafasitocinsa sun bushe. Ka sayi saitin kafasita na monitar gaba ɗaya, ka canza su, ka canza ƙananan transistoci da diyod na bod ɗin, ka bi duk ƙafafu da sabuwar dalma. Ni haka nake yi kuma na tayar da monita ba ɗaya ba ba biyu ba. Kwana ɗaya ka gama.

Anti Injiniya: Sarkin Dalma da girmanka amma a nan ban yarda ba. Mutumin nan ya canza abu huɗu kawai ya ƙara wa kansa matsala ɗaya, yanzu ka ce ya canza arba'in? In ya juya ƙafar kafasita ɗaya ko ya ɗaga layin tagulla wajen cirewa, wa zai gane tsohuwar cuta da sabuwa? Kafasita za a canza, ban hana ba, amma sai hoto ya fito tukuna. A yanzu ma ba mu san ko laifin monitar ne ko na bod ɗin gem ba.

Sarkin Dalma: To ai sauti na fita Anti, gem ɗin lafiyarsa lau

Anti Injiniya: A nan mutane da yawa suke faɗawa rami. Sauti yana nuna maka 6502 ɗin na gudu ne kawai, wato ƙwaƙwalwar na aiki. Ɓangaren da ke zana hoton daban yake, akwai janaretan bekta, akwai AD561 guda biyu masu mayar da lissafi ya zama wuta ɗaya na X ɗaya na Y, akwai amfilifaya TL082 a bayansu, akwai 7815 da 7915 masu ba su +15 da -15. Ko ɗaya a cikinsu ya mutu gem zai ta ƙara yana wasa a makance. Abin da ya fi muni, in ɗayansu ya maƙale yana tura wuta tsayayya gefe ɗaya, duk sabon transiston da ka saka a monitar zai gasa shi, ka ta saye kana zubawa a rijiya.

Ita kuma jar fitilar da ya gani sunanta sifot kila, mai kashe ɗigo. Aikinta in ta ga hasken ya daina yawo sai ta kashe shi, domin in ya tsaya wuri ɗaya zai ƙona fuskar kwalbar ya bar tabo har abada. Kunnuwarta na nufin X ko Y ko duka biyun ba sa motsi. Ba ta faɗa maka wa ya jawo ba.

Baban Ummi ga abin da za ka yi. Zare babban filogin da ke zuwa monitar gaba ɗaya, ka kunna gem ɗin shi kaɗai. A kan bod ɗin akwai wuraren awo an rubuta X OUT da Y OUT. Baƙar wayar mita a giraun, ja a kansu ɗaya bayan ɗaya. Ka auna a AC, ka auna a DC, ka faɗa mana. Sannan 5 bolt ɗin bod, da +15 da -15.

Baban Ummi: Allah ya saka da alheri Anti. Na yi yanzu. 5 bolt yana ba ni 5.03, +15 da -15 duk suna nan daidai kusan. X OUT a AC yana yawo tsakanin biyu da wani abu zuwa uku da wani abu, ba ya tsayawa, Y OUT shi ma yana yawo amma ya ɗan fi ƙasa. A DC duka biyun suna kai da kawo kusa da sifili, wani lokaci ya ɗan hau wani lokaci ya sauka

Anti Injiniya: Madalla, wannan labari ne mai daɗi. Yawon nan shi muke so, kuma Y dama ya kan fi X ƙanƙanta tunda tsayin fuskar bai kai faɗinta ba. Da a ce ka ga DC ya tsaya cak a bolt goma ko fiye da sai mu bar monitar mu koma bod. In kana da wanda zai ara maka osiloskop, na'urar nan da ke zana motsin wuta a gilashi, ka sa shi a yanayin XY ka jona waya biyun nan, za ka ga gem ɗin ɓaro-ɓaro a ɗan gilashinsa, duwatsu na yawo, har da siraran layukan da hasken ke bi in zai tsallaka daga wannan zane zuwa wancan tunda ba ka jona Z ba. Ranar da na fara ganin haka na daɗe a tsaye ina kallo. Amma ko babu shi awon da ka yi ya isa mu ce cutar tana cikin monitar.

Kawu Mai Rediyo: Ina bin bayanin nan a hankali, ashe abin nan amfilifaya ce kawai guda biyu. Maimakon ta tura lasifika sai ta tura yok ɗin da ke wuyan kwalba, wato naɗin wayar da ke lanƙwasa hasken. Transisto biyu a kowane layi, ɗaya na ja ɗaya na turawa. In haka ne to ni ina da tambaya ɗaya ga Baban Ummi, kuma ka ba ni amsa tsakaninka da Allah. Da ka kwance tsofaffin transistocin, akwai wani siririn abu kamar ɓawon albasa mai sheƙi a ƙarƙashin kowanne, cakuɗe da farin maiƙo. Ina ka kai su?

Baban Ummi: Kawu uku na mayar. Na huɗun ya rabe biyu a hannuna lokacin da nake goge shi, sai na haɗa ɓarin biyu na shafa sabon farin man na ɗaure a haka, na ɗauka saboda zafi kawai ake sa shi

Kawu Mai Rediyo: To ba sai an je da nisa ba ɗana. Sunansa maika. Irin wannan transiston mai jikin ƙarfe ƙafa biyu kawai kake gani a ƙasa, ta ukun ita ce jikin nasa gaba ɗaya, kalekta kenan, kuma wuta ce a kai. Maikar tana barin zafi ya wuce zuwa firam amma ta hana wuta wucewa. Tunda ta tsage, da ka ɗaure noti ƙarfe ya taɓa ƙarfe, ka haɗa wutar kai tsaye da giraun. Fiyus ya yi aikinsa. Zare filogi, sa mita a wurin da take ƙara, waya ɗaya a jikin transisto ɗaya a firam, ka bi su huɗun. Ka zare filoginsu daga bod tukuna don kar wani abu ya ruɗe ka.

Baban Ummi: Innalillahi. Kawu wlh kamar kana wurin. Uku shiru, na huɗun mita sai ƙiiii take. Shi ne mai tsagaggiyar maikar

Ɗan Auta: Kai Kawu Allah ya ƙara lafiya, daga nesa ka gano

Sarkin Dalma: Na sara maka Kawu. Amma fa ku tuna tun kafin ya taɓa transistocin babu hoto, to asalin cutar tana nan ba a taɓo ta ba, kuma ni har yanzu ina kan bakana dalma ce

Anti Injiniya: A wannan kam ina bayanka Sarkin Dalma, zan zo kai. Baban Ummi kar ka jefar da tsofaffin transistocin nan huɗu, ka auna su. Sa mita a alamar diyod. Daga bes zuwa emita da bes zuwa kalekta ya ba ka wajen 0.5 ko 0.6 ta fuska ɗaya, in ka juya wayoyin ya nuna a buɗe. Tsakanin kalekta da emita a buɗe ta kowace fuska. Biyu 2N3716 ne NPN, biyu 2N3792 ne PNP, don haka wayar da ke kan bes za ta bambanta. Ka duba kuma ba ka musanya musu gurbi ba wajen mayarwa, kamanninsu ɗaya sak, lambar ce kawai ta raba su. Sababbin ma ka auna, musamman wanda ya sha gajeriyar hanyar nan.

Dalilin da ya sa na ce ka riƙe tsofaffin, jabun waɗannan lambobin sun yi yawa yanzu. Na taɓa yanka wani da zarto bayan ya mutu a minti biyar, abin da ke ciki ɗan ƙuƙut ne bai kai rabin na asali ba, an dai buga lamba a bayan gwangwani. In tsohon na da lafiya ya fi min sabon da ban san asalinsa ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Baban Ummi: Na dawo jama'a, jiya ban samu zama ba. Tsofaffin huɗu duk lafiyarsu ƙalau, ko ɗaya bai mutu ba, wato a banza na cire su. A sababbin kuma wanda ya taɓa firam ɗin yanzu mita na ƙara tsakanin kalekta da emita ta kowace fuska, ya tafi. Na samo sababbin maika na mayar da tsofaffin kowanne gurbinsa, man kaɗan na shafa sama da ƙasa, na sake aunawa da firam duk shiru. Na sa fiyus mai lamba ɗaya da na asali a F100 da F101. In kunna?

Kawu Mai Rediyo: Dakata. Kana da ƙwan fitila irin na da mai zare a ciki? Ka jera shi a layin wutar da ke shiga akwatin, wato wutar ta bi ta cikinsa kafin ta isa. In akwai sauran gajeriyar hanya ƙwan zai haska fau ya tsaya a haka, ya shanye wutar, kayanka su tsira. In lafiya zai yi haske ɗaya ya dushe. Mu da shi muka koyi aiki. Kuma ka saurara da kunnenka, ka shinshina da hancinka, yatsa a kan makunni.

Anti Injiniya: Ƙari a kan na Kawu, ka fara kunnawa filogan transistocin a zare, ka auna manyan kafasitoci biyun nan na bod. AC da ke shigowa 30-0-30 ne daga taransifoma, bayan diyod za ka ga ya haura talatin a DC, ɗaya fulos ɗaya mainos kuma su yi kusa da juna. In ɗaya ya yi ƙasa sosai ka tsaya ka faɗa mana. In sun yi daidai ka kashe, ka jira su sauke wutar, ka jona komai ka cire ƙwan ka kunna sosai. Monitar bekta mai lafiya tana da wata 'yar ƙara cir-cir-cir kamar gyare daga wajen yok, tana canzawa da abin da ake zanawa. In ka ji ta to hasken na yawo.

Baban Ummi: Allahu akbar!! Fiyus bai ƙone ba, na ji cir-cir ɗin, jar fitilar ta mutu, HOTO YA FITO. Amma rabi ne. Rabin sama yana nan, ina ganin maki da duwatsu, daga tsakiya zuwa ƙasa babu komai sai wani layi mai haske a kwance a tsakiyar inda duk abin da ya sauko yake matsewa a kai. Kuma da na ɗan taɓa ƙofar baya hoton ya ɗauke gaba ɗaya jar fitilar ta dawo, na sake bugawa a hankali ya dawo rabi

Sarkin Dalma: Kashe shi maza kar layin nan ya ci maka fuskar kwalba. Yauwa. Abin da nake faɗa tun farko kenan. Duk cutar da ke zuwa ta tafi in an bubbuga, dalma ce ta tsage. Ciro bod ɗin ka juya bayansa, ka sami gilashin ƙara girma da tocila, ka duba ƙafafun da filogai ke shiga, waɗannan dogayen filoli da ke jere. Za ka ga wani siririn zobe kamar gashi ya zagaye ƙafar. Ka kama filin ta sama ka ɗan girgiza kana kallon ƙasa, za ka ga yana motsi a cikin dalmar. Shekara da shekaru na zafi da sanyi da cire filogi da mayarwa ne ke jawo shi, kuma a monitocin nan ya fi komai yawa.

Anti Injiniya: Gaskiyarka ce. Kuma hoton da kansa yana faɗa mana inda za a duba. Rabi ya ɓace a tsaye, to layin Y ne, ɗaya daga cikin transistoci biyun ba ya samun hanya, mai ja yana ja mai turawa ya yi shiru. Da hagu ko dama ne ya ɓace sai mu ce X. Da kwata ɗaya kawai ya rage a kusurwa sai mu zargi wutar fulos ko mainos gaba ɗaya tunda ta shafi layi biyun. To ka fi mai da hankali kan filogin da ke zuwa transistocin Y, da soket ɗin da ƙafafunsu ke shiga, shi ma yakan saki.

Baban Ummi: Na gani da idona. Fil biyar na ƙirga masu zoben nan, biyu a filogin transisto ɗaya har rawa yake kamar haƙorin da zai fita, sauran a babban filogin da saƙo ke shigowa. Wato wannan ne ya hana hoto tun ranar farko. In ɗora sabuwar dalma a kai kawai?

Sarkin Dalma: A'a kar ka yi lallaɓe. Zuƙe tsohuwar tas da abin zuƙa, ka ɗan kankare filin in ya yi baƙi, sannan ka zuba sabuwa ta kwanta ta yi sheƙi kamar ɗan tsauni. In ka ɗora a kan tsohuwa daga waje za ta yi kyau, a ciki tsagar na nan, wata shida ka dawo. Kuma kar ka tsaya a biyar ɗin da ka gani, duk filolin bod ɗin ka bi su, da na cikin kejin babbar wuta. Ƙarfen kar ya daɗe a wuri ɗaya, layin tagullar tsofaffin bod ɗin nan saurin ɗagowa gare shi. Ka duba manyan rasistoci biyun nan R100 da R101 ma, suna zafi sosai har bod ya yi baƙi a ƙarƙashinsu.

Ɗan Auta: Ni fa har yanzu tambayata na nan, ba gardama nake ba ina son in gane ne. Duk wannan wahalar, ga gem ɗin nan ana buga shi a kwamfuta da waya kyauta. Me ya rage a cikin kwalbar da babu a can?

Baban Ummi: Ƙanina ko rabin hoton da na gani jiya ya ba ni amsarka. Layukan siraru ne kamar an ja da reza, babu matakala ko ɗaya a jikinsu ko ka manna ido. Harsashin kuma wani irin fari ne mai kashe ido kamar walda, yana tafe yana barin ɗan wutsiya a bayansa, har haske yake jefawa a fuskar mutum a ɗaki mai duhu. Na buga shi a kwamfuta shekara da shekaru ban taɓa sanin haka yake ba.

Anti Injiniya: Dalilin shi ne harsashin ɗigo ne, hasken yana tsayawa a kansa ya zuba ƙarfinsa wuri ɗaya, falat sikirin kuwa farinsa yana da iyaka, harsashi da dutse duk ɗaya za su fito. Ed Logg da Lyle Rains da suka yi gem ɗin da wannan monitar suka yi shi, saitin harbin ma ya dogara da kaifin layin. Kuma ba a daɗe ana yin irinsu ba, daga Space Wars na Cinematronics a 1977, Lunar Lander da Asteroids a 1979, Battlezone a 1980, Tempest mai kala a 1981, Star Wars a 1983, zuwa tsakiyar shekarun 1980 an daina. Babu masana'antar da ke ƙera su yanzu. Ita kwalbar baƙi da fari ce inci 19 kusan irin ta talabijin, amma yok ɗin na musamman ne mai saurin juyawa, in aka jefar da shi an yi asarar da ba ta da madadi cikin sauƙi. Shi ya sa in na ji an ce a cire a sa falat raina ke ɓaci.

Baban Ummi: Jama'a albishirinku. Na bi filoli duka kamar yadda Sarkin Dalma ya ce, na matse soket ɗin transistocin, na mayar. Hoto ya cika fal sama da ƙasa, na danna makunnin gwaji da ke cikin ƙofar kwabo ragar layukan gwajin ta fito har kusurwa huɗu. Na bubbuga akwatin ta ko'ina bai ɗauke ba. Ummi ta buga sau uku ta ƙi ba ni wuri. Sai dai akwai saura, bayan kamar minti goma hoton yana kumbura, yana girma yana dushewa, musamman in jirgi ya fashe ko duwatsu sun yi yawa, har makin da ke sama ya fice daga gilashi, in na kashe ya huce sai ya dawo daidai

Kawu Mai Rediyo: Wannan kam tsohon sani ne, a talabijin ma haka yake. Babbar wutar ce ke sauka. In ta yi ƙasa hasken ba ya tafiya da ƙarfi, sai yok ya samu sauƙin lanƙwasa shi fiye da kima, hoto ya faɗaɗa ya yi dishi-dishi. Kar ka je kana murɗa maɓallan girman hoto don ka rage shi, ba a nan gizo ke saƙa ba.

Anti Injiniya: Haka ne Kawu. A wannan monitar wanda aka fi kamawa shi ne dogon diyod ɗin babbar wuta, wani kamar sandar alli da ke tsakanin filaibak, wato taransifomar da ke samar da babbar wutar, da jar wayar da ke zuwa kwalba, bakinsa biyu a cikin roba. Ko shi ya gaji yana yoyo in ya yi zafi, ko bakinsa ya yi tsatsa a cikin robar. Mitarka ba za ta iya auna shi ba, diyod ne da yawa a jere a ciki, zai nuna maka a buɗe ko yana da lafiya. Fara da buɗe robobin ka duba, in ka ga kore ko baƙi ka goge bakin nasa, ka goge sifirin ɗin, wato 'yar murɗaɗɗiyar wayar da ke cikin robar, har su yi haske, ka bari ya bushe sarai, ka shafa man silikon na wuta ka mayar, ka lura da fuskar da yake kallo kafin ka cire. In bai daina ba sai a canza shi. A nan ne kuma zan ce ka bi shawarar Sarkin Dalma ka canza kafasitocin kejin, yanzu lokacinsu ya yi tunda muna da hoton da za mu gwada da shi.

Amma ka ji wannan da kyau kafin ka sa hannu. Dole ka sauke wutar kwalbar, kuma kar ka yi irin ta talabijin da ake zura sukuddireba a ji ɗas. Tartsatsin nan yana iya kashe diyod ɗin da kake son cetowa. Ka jera rasisto goma masu 100k ɗaya bayan ɗaya, bakin ɗaya a firam ɗaya a sukuddireba mai hannun roba, ka zura ƙarƙashin robar ka taɓa ƙarfen ka riƙe na ɗan lokaci, ka jira minti kaɗan ka maimaita, domin kwalba takan sake tara 'yar wuta da kanta.

Kawu Mai Rediyo: Kin ƙara min ilimi 'yata, ni duk shekarun nan kai tsaye nake saukewa. Zan haɗa irin wannan in ajiye.

Sarkin Dalma: Kafin nan ka rage haske da kwantaras kaɗan, kar ka bar layukan tsallake suna fitowa, yana rage wa babbar wutar nauyi kuma yana tsare fuskar kwalbar. Kuma minti goman nan kar a wuce shi har sai ka gyara, diyod mai yoyo yana iya jan filaibak su tafi tare, shi kuma samunsa aiki ne

Baban Ummi: Na ji duka. Na zare filogin na ɓoye don kar yara su kunna ba na nan. Rasistocin ina da guda shida, gobe zan cika su goma in haɗa. Anti in na buɗe robar zan ɗauki hoton bakin diyod ɗin in turo ki gani kafin in goge, akwai wata lamba a jikinsa da ta ɗan goge ban iya karanta ta da kyau ba